Malamin da ke duba kundina ya maido mini da shi sau uku saboda kalmomi kawai

Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Daura, ina kuma karatun digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a wata jami'a. Bincikena a kan kwana cikin gidan sauro ne da zazzaɓin cizon sauro a tsakanin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Na yi wa iyaye mata 384 tambayoyi a ɗakin rigakafi na asibitin da nake aiki, sannan na kai takardun wurin wani yaro mai shagon kwamfuta a Katsina ya shigar mini da su SPSS, manhajar kwamfuta ta lissafin ƙididdiga. Sau uku ke nan malamin da ke duba aikina yana maido mini da babi na huɗu da na biyar, ya yi musu jina-jina da jan biro. Bai taɓa cewa lissafin ba daidai ba ne, kalmomi kawai yake bi yana zagayewa. Inda na ce na zaɓi matan "randam", ya zagaye. Inda na ce bincikena ya tabbatar gidan sauro yana hana zazzaɓi, ya zagaye. Inda na rubuta p = 0.000 sai ya rubuta "da gaske?" a gefe. Inda na ce babu alaƙa tsakanin karatun uwa da zazzaɓin yaro, tunda p ta fito 0.08, shi ma ya zagaye. Abokan karatuna haka suka rubuta nasu, kuma malamansu sun sa hannu. Kullum sai in bar yara in shiga mota zuwa Katsina, in dawo ina share hawaye. Maigidana ya ce ko dai in nemi a canza mini malami ko in haƙura da karatun. Malam, wannan ba tsana ba ce?

Wata ɗaliba, daga Daura

Wa'alaikumus salam Malama. Sannu da hanya, sannu da ƙoƙari. Wanda bai taɓa haɗa aikin dare a asibiti da goyo da karatu ba, ba zai san abin da kike ɗauke da shi ba.

Ban san zuciyar malaminki ba, amma na san wurare huɗun da kika ce ya zagaye, kuma da ni aka kawo wa kundin nan, su ɗin zan zagaye. Malamin da ya tsani ɗalibi hanyarsa mai sauƙi ce: ya jefa kundin cikin durowa wata shida, ko ya sa hannu bai karanta ba, ya bar ɗalibin ya je ya haɗu da mai jarrabawa na waje ranar kare kundi. Wanda ya zauna ya bi aikinki layi-layi har sau uku, wahala ya ɗaukar wa kansa. Inda nake ganin laifinsa shi ne zagaye kalma ba tare da ya zaunar da ke minti ashirin ya faɗa miki dalili ba. Alamar tambaya a gefen takarda ba koyarwa ba ce, kuma mu malaman jami'a muna da wannan halin. Bari in yi miki bayanin da ya kamata a ce shi ya yi.

Kin ce kalmomi ne kawai. To ki tuna karatun da aka yi mana a zaure. Malaman hadisi sun bambanta tsakanin "haddasana" da "akhbarana", kuma Imamu Muslim ya shahara da kiyaye wannan: ta farko ga abin da mai ruwaya ya ji daga bakin malaminsa, ta biyu ga abin da aka karanta wa malamin yana saurare. A kunnen ɗan kasuwa duk ɗaya ne, an ba mu labari. A wurin masu fannin kuwa kowace kalma shaida ce a kan yadda maganar ta iso. Wanda ya zaɓi lafazin da zai sa a ɗauka ya ji daga wanda bai ji daga gare shi ba, sunan aikinsa tadlisi, ko da matanin hadisin gaskiya ne. Haka nan in sun ce hadisi "hasan" ne, ba yabon daɗin lafazinsa suke yi ba, matsayi ne ƙasa da sahihi, mai sharuɗɗansa. Ilimin ƙididdiga ma haka yake. Ya ari kalmomin yau da kullum na Turanci ya ɗora musu ma'ana ƙuntatacciya, kuma duk wadda kika rubuta, kina ba da shaida ne cewa kin yi wani aiki takamaimai ko kin ga wani abu takamaimai.

Zan fara da wadda ta fi nauyi, wato "randam". A bakin mutane tana nufin kan mai uwa da wabi, duk wadda ta faɗo. A ƙididdiga ƙuri'a take nufi: a samu jerin sunayen duk waɗanda ake magana a kansu, a ba kowa lamba, a bar ƙuri'a ta fitar, ta yadda kowace uwa tana da damar fitowa, kuma an san girman damar. Kamar yadda mata ke naɗe 'yan takardu a jefa cikin kwano don a san mai ɗaukar adashi na farko. Ke kuwa kin zauna a ɗakin rigakafi ne, wadda ta shigo kika tambaye ta. Su waye ke kawo yara rigakafi? Wadda asibiti bai yi mata nisa ba, wadda mijinta ya bar ta ta fito, wadda ke da kuɗin mashin, wadda ta yarda da aikin asibiti tun farko. Irin wannan matar ita ce kuma za ta fi karɓar gidan sauro ta ɗaura. Matar da ke can ƙauye wajen iyakar Nijar, wadda ɗanta bai taɓa ganin allura ba, ba ta da ko ɗigon damar shiga cikin 384 ɗinki.

Ita kanta lambar 384 da ke yawo a kundayen ɗalibanmu daga Katsina har Sakkwato, kin san daga ina ta fito? A ninka 1.96 da kanta, a ninka da rabi, a sake ninkawa da rabi, a raba da 0.05 da aka ninka da kanta, sai a sami 384 da 'yan ɗigo. Lissafin yana cewa ne: in ka ɗebo mutum 384 ta hanyar ƙuri'a, kuskurenka da wuya ya wuce ɗigo 5 sama ko ƙasa. Sharaɗin ƙuri'ar shi ne ginshiƙin. In babu shi, yawan mutane ba ya ceto. A 1936 wata mujalla a Amurka mai suna Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10 kan zaɓen shugaban ƙasa, aka maido mata da fiye da miliyan 2, ta bayyana cewa Landon ne zai kayar da Roosevelt. Da aka kaɗa ƙuri'a, Roosevelt ya lashe jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta tsinto sunaye ne daga irin su littafin lambobin tarho da rajistar masu motoci, wato masu hannu da shuni a lokacin da talauci ya yi wa ƙasar katutu, kuma waɗanda suka ga damar amsawa su kaɗai suka amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a, da mutane kimanin 50,000 kacal ya faɗi wanda zai ci.

Ba sai kin sake binciken ba, kada gabanki ya faɗi. Ɗibar waɗanda suka sauƙaƙa a samu hanya ce sananniya, tana da sunanta a littattafan bincike, kuma ana karɓarta in an faɗe ta. Ki rubuta abin da ya faru: an tambayi iyaye mata da suka kawo yara rigakafi a asibiti kaza, daga wata kaza zuwa wata kaza, bi da bi har aka kai 384. Sannan duk inda kika ce "yaran Daura" ki mai da shi "yaran da aka kawo rigakafi a wannan asibiti". Sauran wuraren da ya zagaye kuskuren fahimta ne. Wannan kuwa, in kika bar shi bayan kin sani, ya zama faɗin abin da ba a yi ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tambayar farko da mai jarrabawa na waje zai yi miki ita ce: ina jerin sunayen da kika jefa wa ƙuri'a?

Sai p = 0.000. Wannan ba ke kika ƙirƙira ba, SPSS ce ke yanke lamba a ɗigo uku, sai 0.0003 ta fito mata .000. Amma p ba ta zama sifili. Ana rubuta p < 0.001 ne, shi ke nan, gyaran daƙiƙa biyar. Abin da "da gaske?" ɗin malaminki ke tonowa shi ne ko kin san abin da p take aunawa, ko kuwa kwafowa kika yi daga takardar da yaron shago ya miƙo miki.

Ga misali daga ɗakin haihuwa, tunda gidanki ne. A ce a dare ɗaya an haifi jarirai 6 a jere, duka maza. In haihuwar namiji da mace kusan rabi da rabi ce, damar a sami 6 a jere jinsi ɗaya, duka maza ko duka mata, ita ce 1 cikin 32, wato kimanin 0.03. Wannan ita ce p. Tana amsa tambaya guda ce: in a ce babu wani abu na musamman da ke faruwa, sau nawa za a ga sakamako irin wannan ko wanda ya fi shi ban mamaki? Ta faɗi ƙasa da 0.05, iyakar da aka saba yanke hukunci da ita, amma ke da kanki kin san ba za ki fita ki sanar da cewa ruwan asibitinku yana sa haihuwar maza ba. A asibitin da ake haihuwa kullum, dare irin wannan dole wata rana ya zo. Don haka p ba ta gaya miki damar cewa hasashenki gaskiya ne, ba ta gaya miki girman bambancin, ba ta gaya miki ko yana da amfani ga majinyaci.

Ita 0.05 ɗin ma ba wahayi ba ce. Ronald Fisher, wanda ya yi aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila yana kwatanta amfanin gonakin gwaji, shi ya yaɗa ta a littafinsa na 1925, a matsayin iyaka mai sauƙin aiki. Mutane suka mai da ita katanga tsakanin gaskiya da ƙarya. Abin ya yi yawa har a 2016 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Amurka ta fitar da sanarwa ta musamman tana jan kunne a kan yadda ake fassara p, a 2019 kuma masu bincike fiye da 800 suka sa hannu a wata maƙala a mujallar Nature suna kira da a daina raba sakamako gida biyu da wannan layin. Saboda haka ruɗin da kika shiga ba naki ba ne ke kaɗai, furofesoshi a manyan jami'o'in duniya sun faɗa cikinsa.

Akwai wata kalma da ba ki ambata ba, amma na yi imani tana cikin jan biron, wato "siginifikan". A Turancin titi tana nufin muhimmi, babba. A ƙididdiga ba ta nufin komai sai cewa p ta sauka ƙasa da iyakar da aka sa. In mutanen da aka auna suna da yawa ƙwarai, bambancin da bai kai a kula da shi ba sai ya tsallake iyakar. A ce wani magani yana rage zazzaɓi da minti 10 a cikin kwana uku, aka gwada shi a kan dubban mutane, zai iya fitowa "siginifikan", amma babu likitan da zai canza takardar magani saboda shi. Shawarata, ki ajiye kalmar nan ga gwajin ƙididdiga kaɗai, ko da yaushe da lambarta a gefe. In muhimmanci kike nufi, nemi wata kalmar.

Yanzu "tabbatar" da "hana". Nan ne na san zuciyarki za ta yi gardama, domin kowa ya san gidan sauro yana kare yara, ke ma da hannunki kike raba shi. Gaskiya ne. Amma ba bincikenki ne ya nuna haka ba. Gwaje-gwajen da aka yi a shekarun 1990 a Gambiya da Ghana da Kenya da Burkina Faso ne suka nuna, inda aka raba ƙauyuka ta hanyar ƙuri'a, wasu aka ba su gidan sauro ko labule mai magani, wasu ba a ba su ba tukuna, aka bi yaran tsawon lokaci ana ƙirgawa. Da aka tattara sakamakon irin waɗannan gwaje-gwaje, an ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kimanin kashi 17 cikin 100. Ƙuri'ar ce ta ba su bakin cewa gidan sauron ne sababi, domin ita ke sa masu kuɗi da talakawa, na bakin kududdufi da na kan tudu, su rabu daidai wa daida tsakanin ɓangarorin biyu.

Ke kuwa hoto kika ɗauka na rana guda. Kin ga cewa yaran da ke kwana a gidan sauro sun fi ƙarancin zazzaɓi, abubuwa biyu suna tafiya tare. Daga watan Agusta zuwa Oktoba gasasshiyar masara takan cika bakin titi daga Ƙofar Ƙaura har tasha, a daidai lokacin kuma gadajen yara ke cika da masu zazzaɓi. In kika zana su a takarda za su hau tare su sauka tare, amma damina ce uwarsu duka, ita ta kawo masarar, ita ta tara ruwan da sauro ke ƙyanƙyasa. A bincikenki wace ce daminar? Mai yiwuwa uwar da ke ɗaura gidan sauro ita ce kuma mai raga a taga, mai siyan maganin feshi, mai karɓar maganin rigakafin zazzaɓi na damina da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa 59. Abin ma yana iya juyewa: gidan da sauro ya fi addaba su ne suka fi ɗaura raga, har a ga kamar masu ragar sun fi ciwo. Shi ya sa kalmar da bincike irin naki ya mallaka ita ce "alaƙa". "Ya hana", "ya haddasa", "ya yi tasiri", duk sun fi ƙarfinsa. Ko alaƙar shan taba da sankarar huhu, da Richard Doll da Bradford Hill suka wallafa a 1950, sai da suka bi dubban likitocin Birtaniya shekara da shekaru tun daga 1951, wasu binciken kuma suka zo suka dafa, kafin maganar sababi ta zauna. "Tabbatarwa" kuwa ki bar wa masu lissafi zalla. Mu masu aiki da mutane shaida muke tarawa, tana ƙarfi tana rauni.

Wani abu da ban ji ko ya zagaye ba, amma ki duba tun kafin ya gani. Me kika tambayi matan? In tambayar ita ce ko yaro ya yi zazzaɓi cikin mako biyu da suka wuce, to zafin jiki kika auna bisa faɗar uwa, ba maleriya ba. Kama da wane ba ta wane. Ke kin fi ni sanin yara nawa ake kawowa jiki rau, a ɗiga jini a kan ɗan katin gwaji, layi ɗaya ya fito, wato babu maleriya. Ciwon kunne, ciwon huhu, ƙyanda, taifod, duk da zazzaɓi suke zuwa. In ba a yi gwajin jini ba, ki rubuta "zazzaɓin da uwa ta ba da rahotonsa" tun daga take har ƙarshe. Haka nan ki bambanta yawan masu ciwo a lokacin da kika duba da yawan sababbin kamuwa cikin wani tsawon lokaci. Turanci yana da kalma daban ga kowanne, ɗalibai kuma suna musanya su kamar tagwaye. Binciken rana guda na farkon kaɗai yake iya bayarwa.

Sai maganar 0.08. A kotu hujja tana kan mai da'awa. In ya kasa kawo shaidu alƙali ya sallami wanda ake tuhuma, ba a ce an tabbatar bai aikata ba, an ce dai ba a kawo abin da ya isa ba. Haka p ta 0.08 take. Ba ta ce babu alaƙa tsakanin karatun uwa da lafiyar ɗanta ba, ta ce bayananki ba su isa su yanke ba. Ƙila alaƙar tana nan amma matan da suka yi karatu mai zurfi a cikin samfurinki 'yan kaɗan ne. Douglas Altman da Martin Bland sun yi gajeren rubutu a mujallar likitocin Birtaniya a 1995 a kan wannan kuskuren kaɗai, cewa rashin samun shaida ba shaidar rashin abu ba ne. Kuma ki dubi yadda abin yake da ban dariya: 0.049 a ce akwai, 0.051 a ce babu, alhali uwa biyu ko uku da suka amsa daban sun isa su tsallakar da lambar. Na san a sassa da yawa ana koya wa ɗalibai su rubuta "an karɓi hasashen babu bambanci". Ni ma haka na rubuta a kundina na farko, sai da wani dattijon mai jarrabawa ya cire tabarau ya tambaye ni, a gaban jama'a, wa ya ba ni shaidar da na karɓa da ita. Gumin da na yi a ɗakin nan har yau ina tuna shi. Abin da ake rubutawa shi ne ba a sami isasshiyar hujjar ƙin hasashen ba.

Abin da zai fi fitar da ke shi ne ki daina jingina da p, ki faɗi girman abin da kika gani tare da iyakokinsa. A ce kashi 60 cikin 100 na matan sun ce yaron ya kwana a gidan sauro daren jiya. Da mutum 384, tazarar amincewa ta kashi 95 za ta kama daga kimanin 55 zuwa 65. Wannan ya fi gaya wa mai karatu wani abu: ga ƙiyasin, ga kuma yadda yake iya rawa. Jerzy Neyman ne ya shimfiɗa wannan hanyar a 1937, kuma manyan mujallun likitanci sun daɗe suna neman a kawo ta. In kina kwatanta ɓangarori biyu, ki kula da tarkon kashi. A ce zazzaɓi kashi 20 ne a marasa raga, 15 a masu raga. Bambancin ɗigo 5 ne, amma raguwar kashi 25 cikin 100 ce, tunda 5 rubu'in 20 ce. Duka biyu gaskiya ne, sai dai wanda ya rubuta "ya ragu da kashi 5" ko "ya ragu da kashi 25" bai kawo asalin lambobin ba ya bar mai karatu cikin duhu. Kawo 20 ɗin da 15 ɗin, kowa ya gani da idonsa.

In akwai tambayar kuɗin shiga a takardarki, ki kula da "matsakaici". A ce gida 9 kowanne yana samun naira 40,000 a wata, na goma kuma wani Alhaji ne mai fataucin shanu a kasuwar Mai'aduwa da ke samun miliyan 2. In aka tara aka raba goma, sai a ce matsakaicin gida yana samun 236,000, alhali babu gida ko ɗaya da ke kusa da haka. In aka jera su aka ɗauki na tsakiya, 40,000 ne. Ki faɗi wanne kika yi amfani da shi, kuma ga kuɗi, na tsakiyar ya fi faɗin gaskiya.

Game da yaron shago, ba na ganin aibu a nemi taimako wajen shigar da bayanai, amma kundin sunanki yake ɗauke da shi. Masu shagunan nan da yawa gwaji ɗaya ko biyu suka iya, kowa ya zo shi za a yi masa, kamar mai kemis da ke ba kowa allura iri ɗaya. Ki koma ki karɓi ainihin fayil ɗin bayananki, ba takardar da ya buga kaɗai ba. Ki tambaye shi gwaji nawa ya yi gaba ɗaya, domin in aka gwada abu 20 da babu komai a cikinsu, ana sa ran ɗaya zai faɗo ƙasa da 0.05 haka kawai, kuma damar a sami aƙalla ɗaya ta kai kusan kashi 64 cikin 100. In ya gwada da yawa ya miƙo miki waɗanda suka "fito" kaɗai, dole ki sani, dole kuma ki faɗa. Sannan ki nemi wani a sashen lissafi ko ƙididdiga ya zauna da ke awa biyu ku bi teburan ɗaya bayan ɗaya. Kada ki ce lissafi ba namu ba ne. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da rubutu a kan lissafin murabba'ai masu jerin lambobi aka san shi, kuma daga ƙasar nan ya tashi.

Batun canza malami, ban ba ki shawara ba. Neman canji yana cin watanni, yana barin tabo a sashe, kuma sabon malamin ko dai ya zagaye wuraren nan huɗu ko ya bar ki ki je ki same su a bakin mai jarrabawa. Abokan karatunki da aka sa wa hannu, ki yi musu fatan alheri, ba ki san yadda tasu ranar za ta kaya ba. In da zagi ne, ko neman wani abu a hannunki, ko riƙe kundi ba dalili, da maganata ta bambanta, da na ce ki tafi wurin mai kula da karatun gaba da digiri na sashenku yau ɗin nan. Abin da kika kwatanta bai kai can ba.

Maigida kuma tausayinki ne ya sa shi faɗin haka, ya gaji da ganin kina dawowa ido jawur. Ki nuna masa cewa gyaran na mako biyu ne, ba na shekara ba, ki roƙe shi ya riƙe miki yaran Asabar biyu.

In za ki koma wurin malamin, kada ki kai masa babin gaba ɗaya. Ki ɗauki takarda guda, ki raba ta biyu, hagu jimlolin da ya zagaye, dama yadda kika sake su. Misali, a madadin "binciken ya tabbatar gidan sauro yana hana zazzaɓin cizon sauro a Daura", sai ki sa: "A cikin yaran da aka kawo rigakafi a wannan asibiti, waɗanda iyayensu suka ce suna kwana a gidan sauro sun fi ƙarancin rahoton zazzaɓi, kashi kaza a kan kashi kaza, tsarin binciken bai ba da damar cewa gidan sauron ne sababi ba." Ki gaishe shi, ki miƙa, ki ce, "Malam, na gane ba ƙuri'a na yi ba, ga yadda na gyara, a duba mini ko na kama hanya." Ki tura masa hoton takardar ta waya kwana biyu kafin ki taso daga Daura, don kada ki yi asarar kuɗin mota ki tarar ya tafi taro. Allah ya ba da sa'a, ya raya zuri'a.